Gayyar da Ma'azu Ya Kira a Taloka

Ranar Juma'a ce, cikin watan Agusta na 1957, tsakiyar damina. Ma'azu ya kwana a gidana a Wurno, domin tun yammacin Alhamis ya iso daga Goronyo a kan keke. Shi ne ɗana na uku, saboda haka ba ni da nauyin faɗin sunansa. Shekarunsa ashirin da shida, malamin gona ne na En'e, wato hukumar gargajiya, yana da mata, Husainatu, da 'ya ɗaya, Indo.

Da asuba muka tafi masallaci tare. Na lura da ƙyar yake ɗagowa daga ruku'u, kamar tsoho mai ciwon baya.

Da gari ya waye uwarsa, Hauwa'u, ta kawo masa kunu. Ya miƙa hannu zai karɓa, sai ta riƙe hannun, ta juya tafin, ta duba. Duk kanta ce, wata ma ta fashe.

"Wanga hannu na malamin gona na, ko na ɗan ƙodago?" in ji ta.

"Inna, malamin gona ai gona shi ka zuwa."

"Malamin asibiti ma asibiti shi ka zuwa, amma ban ji an ce shi ka shanye maganin ba."

Ya yi dariya, ya shanye kunun, ya nemi ƙari.

Da hantsi ya kife keken a zaure yana gyaran sarƙa, ni kuma ina zaune a kan buzu. A lokacin nan akwai manoman Taloka da ya ɗaukar wa alkawarin zai je ya taya su noma da hannunsa, ɗaya bayan ɗaya, kuma tun saukar ruwa yake ta yi. Na tambaye shi saura nawa.

"Kaɗan, Baba."

"Ba kaɗan nit tambaye ka ba. Nawa?"

"Ba su kai goma ba."

"To, aika musu 'yan ƙodago. Ni ka biya."

Bai ɗago kai ba. Ya juya feda, ya saurari ƙarar sarƙar, ya ce, "Na kusa ƙarewa."

Muka tafi Juma'a. Ana huɗuba barci ya ɗauke shi, kansa ya faɗo a kafaɗata, na zungure shi da gwiwar hannu. Da muka dawo ya sha fura, ya ɗan kishingiɗa. Kafin la'asar ya tashi ya ɗaure kayansa, uwarsa ta ba shi ƙullin daddawa ya kai wa Husainatu. Na raka shi ƙofar gida.

"Gonar wa gobe?"

"Ta Shittu."

"Allah shi ba ka wayo."

"Amin, Baba," in ji shi, ya hau kekensa.

Ma'azu ba wawa ba ne. Amma tun yana ƙarami, in an faɗa masa magana, a yadda aka faɗe ta yake ɗauka, ba ya rage mata komai. Yana ɗan shekara shida uwarsa ta shanya gero, ta ce ya zauna ya kori kaji, kada ya tashi sai ta dawo. Hadari ya taso, ruwa ya sauko. Da ta dawo ta same shi zaune da sanda a hannu, shi ya jiƙe, geron ya jiƙe, babu kaza ko ɗaya a kusa. Aka tambaye shi don mi bai kwashe geron ba, ya ce ba a ce ya kwashe ba. Shekara da shekaru ana ba da wannan labari a gidanmu ana dariya.

Ya yi elemantare a nan Wurno, ya yi midil a Sakkwato, sannan aka tura shi koyon aikin gona. Da ya gama aka ajiye shi a Goronyo. Aikinsa shi ne ya zaga ƙauyuka yana raba irin auduga, yana rarrashin mutane su gwada takin zamani, yana auna 'yan gonakin gwaji, da rani kuma ya sauka fadama wajen masu albasa. Bai yi fice ba, ba a kuma taɓa kawo ƙararsa ba. Manoma suna son sa domin ba ya cin kazar kowa. Da an ƙyale shi haka, da ya tsufa a kan kekensa.

Da kaka ta wuce, a ƙarshen 1956, aka sa sunansa cikin waɗanda za su je kwas a Rabah. An ce kwas ne na horar da shugabannin raya ƙauyuka. Aka tara samari ma'aikata wajen talatin, malaman makaranta, malaman asibiti, malaman daji, da na gona, aka zuba su a bukkoki a bayan gari har tsawon makonni. Mai kula da su wani Bature ne dogo da ba ya rabuwa da usur, har mutanen Rabah suka sa masa suna Mai Usur. Da usur ake tashi, da usur ake gudu, da usur ake ɗaukar kwanon ƙasa a kai. Da yamma a zauna a inuwa a yi musu lacca.

Laccar duk a kan abu biyu take. Na farko, ƙauye ya yi wa kansa aiki da son ransa, babu umurnin hakimi, babu dogari, babu lada. Na biyu, shugaba ba ya aika wani, shi yake fara shiga, shi yake ƙarshen fita. Aka ce kowa in ya koma ya zaɓi ƙauye ɗaya, ya tayar da wani aiki a wannan hanya kafin ruwa ya sauka, Bature zai zo ya gani.

Na yi shekara biyu a jami'a a Ingila, na ji irin wannan magana a bakin masu ita, kuma ba ta da laifi. Abokan Ma'azu ma sun ji ta, suka ɗauki abin da za su iya, suka bar saura a Rabah. Wani ya koma ya sa 'yan makarantarsa suka share kasuwa. Wani ya raɗa wa dagaci, dagaci ya raɗa wa masu unguwa, aka gyara hanya, aka ce da son rai aka yi. Ɗana kuwa ya dawo da maganar duka, bai zubar da ko ɗigo ba.

Taloka ya zaɓa. A can akwai wata unguwa a gangare wadda duk shekara in gulbi ya cika, ruwa yakan biyo wani kwari ya shigo mata, ya ci gindin rumbuna. Ma'azu ya auna, ya ga in aka tayar da doguwar ganuwa ta ƙasa a bakin kwarin, ruwan zai kauce. Ya gaida dagaci, ya roƙe shi kada ya ba da umurni. Dagaci ya yi murna, don ba a taɓa roƙonsa ya zauna kawai ba. Sannan Ma'azu ya tara magidanta a gindin tsamiya, ya ce aikin gayya za a yi.

Akwai wani manomi a cikinsu, Mode, mutum mai ban dariya, wanda ba a taro bai yi magana ba. Shi ya ba ni labarin nan daga baya, sauran ma suka tabbatar.

"Malam, gayyar wa ta?" in ji Mode.

"Ta kowa ta."

"To, madalla. Shi Kowa ɗin, ina gidanai? Matatai ka dama muna hura?"

Aka fashe da dariya.

"In damina ta yi kuma," in ji Mode, "ni Kowa za ni kai ma goro in ce gobe gonata?"

Duk wanda ya tashi a ƙauye ya san abin da Mode yake nufi. Gayya tana da mai ita. Shi yake kira, shi yake ciyarwa, shi yake sallamar makaɗi, kuma duk wanda ya zo masa, in ya kira tasa, dole ya je ya rama. Aikin da ba shi da mai shi kuwa, mutanenmu suna ɗaya suka sani gare shi, shi ne aikin tilas, wanda aka ɗebi iyayensu suka yi a kan hanyoyin mota. Wannan ba a zuwansa sai da dogari a baya.

Ma'azu ya sa rana, ya je da kwanonsa da galma. Ba wanda ya zo. Ya wuni yana tara ƙasa shi kaɗai, mutane suna wucewa suna yi masa sannu da aiki. Ya sake sa rana, haka nan. Ya zo Wurno ya faɗa mini, na ce ya je ya gaya wa Bature gaskiya, ko kuwa ya yi yadda abokansa suka yi. Ya ce na farko kasawa ne, na biyu ƙarya ne. Na ce to, na uku mi ne ne?

Na uku shi ne, ya koma gindin tsamiya ya ce, "Gayyata ta. Ni nik kira."

Husainatu ta tara matan maƙwabta suka daka gero, aka dama fura a manyan ƙwarya, aka ɗora wa jakuna. Ya ɗauko makaɗi. Maza fiye da arba'in suka fito, domin gayyar malamin gona abin kallo ce. Kasuwa biyu ba ta zagayo ba ganuwa ta tsaya, tsayinta ya kai ƙirjin mutum. Mai Usur ya zo a mota, ya hau kan ganuwar, ya taka ta daga wannan baki zuwa wancan, ya ɗauki hoto. Ya ce a duk lardin babu ƙauyen da ya fahimci manufar kwas kamar Taloka. Ya ga makaɗi, ya ga ƙwaryar fura, ya ce al'ada ce mai kyau. Bai tambayi wa ya kira ba, kuma ko an faɗa masa ba zai san abin da kiran ya ɗora wa mai kiran ba.

Har zuwa nan babu abin da ya ɓaci. Mutanen Taloka ba su sa rai ma'aikacin En'e zai zo ya duƙa a gonarsu ba. In ma ana son a cika al'ada, al'adar ta ba da hanya: wanda aka kira, in yana da uzuri, yakan tura ƙanensa, ko baransa, ko ya ɗauki ɗan ƙodago ya aika. Ba wanda zai ce bai rama ba. Attajirai haka suke yi, limamai haka suke yi.

Ruwa ya sauka, aka yi shuka, noman fari ya zo. Mode ya ƙulle goro biyu a ganye, ya ba wani mai zuwa kasuwar Goronyo, ya ce a kai wa malamin gona, a ce masa jibi gonar Mode. Ya ce yana ƙullewa yana dariya, mutanen da ke wurin ma suna dariya.

Jibi da sassafe sai ga Ma'azu da hauya ɗaure a keke.

"Subhanallahi! Malam, wasa ni kai!" in ji Mode.

"Ka zo tawa?"

"Na zo."

"To, ga ni."

"Ka aiko wani mana! Ba ka da ƙane?"

"Ba ni aike," in ji Ma'azu, ya tuɓe rigarsa ya shiga kunyoyin gonar.

Daga ranar ƙofa ta rufe. Tun da ya je wa Mode da kansa, in ya tura wa wani ɗan ƙodago, ya nuna Mode ya fi shi ke nan. Su kuma sauran, wanda bai aika da goro ba sai a ce bai isa malamin gona ya zo gonarsa ba. Ba wanda yake buƙatar hannunsa, domin ko rabin aikin ɗan ƙauye ba ya yi, kullum shi ne a bayan layi, makaɗi yana yi masa zambo. Amma goro ya yi ta zuwa. Al'ada ta ba shi damar ya aika, kwas ya hana shi aikawa, shi kuma ya riƙe duka biyun da hannu bibbiyu.

Haka ya yi daminar. Ya tashi da asuba ya tafi Taloka, ya yi noma har rana ta take, ya wanke jiki a tafki, ya sa rigar aiki, ya shiga zagayen En'e har magariba. Husainatu ta aiko mini da saƙo cewa Indo ta fara ƙyuyar ubanta. Na yi masa magana da lallami, na yi da faɗa. Na nuna masa cewa ko Mai Usur, da yake cewa ba ya aike, yana da kuku da boyi da direba. Ya ce ba don Mai Usur yake yi ba. Ya ce in ya fasa, baɗi ganuwa za ta zaizaye, in ya kira gyara ba wanda zai zo, domin za a ce malamai suna kiran gayya ba su ramawa. Na ce wannan lissafi ne na mutumin da yake da jiki biyu.

Ranar Asabar, washegarin barinsa Wurno, yana gonar Shittu ana maimai, wato noma na biyu. Gero ne da wake a ƙarƙashi, waken ya yi yaɗo. Ya sa hannu zai ɗaga yaɗon ya nome gindin, kububuwa ta sare shi a bayan hannu. Aka kashe ta, aka ɗaure masa damtse, aka ɗauke shi zuwa Goronyo. Malamin asibiti ya yi iyakar abin da zai iya, amma allurar dafin maciji sai Sakkwato, mota kuwa ba ta shiga, domin gulbi ya cika ya yanke hanya. Aka tura mutum a kan doki.

Ni da uwarsa muka isa ranar Lahadi da yamma. Hannun ya kumbura har kafaɗa, jini yana fita ta dasashinsa, amma yana cikin hankalinsa. Ya gaishe mu yadda ya saba.

"Baba, kun biyo ta Taloka?"

"Mi za mu yi Taloka?"

"An ce ruwa ya kai ga ganuwa. Ina son in ji ko ta riƙe."

"Ma'azu, kwanta."

"Kwance ni ke."

Shittu yana tsugune a bakin ƙofa tun jiya, ya ƙi tafiya gida. Shi ya ce ta riƙe, ruwan ya kauce ya bi ta gabas. Ma'azu ya ce alhamdu lillahi. Sannan ya ce da Shittu, "Ban ƙare maka ba." Shittu ya ja rawaninsa ya rufe fuska. Ni kuwa na fita waje, domin abin da ya zo bakina ba na faɗa wa marar lafiya ba ne.

Ya cika ranar Talata da hantsi. Mai doki ya dawo da allura ranar Laraba.

A wajen jana'iza liman ya tambaya, kamar yadda aka saba, ko akwai mai bin mamaci wani abu. Mutanen Taloka sun cika sahu biyu, ba wanda ya ɗaga kai. Bayan sadakar bakwai na kira su zaure, na ce waɗanda bai rama wa ba su faɗa. Suka ce sun yafe duniya da lahira. Mode yana cikinsu, ya rame, ba ya dariya.

"Don mi ka aika mai da goro?" na tambaye shi.

"Wallahi, Malam, wasa na. Wa ya san za shi zo?"

"Ni na sani. Uwatai ta sani. Da kun tambaya."

Ba ni da wata magana da shi, kuma ban riƙe shi a zuciya ba.

Yafewar kuwa ban karɓa ba. Na ce musu shi bai nemi a yafe masa ba lokacin da yake da baki, ba zan nema masa ba yanzu. Da ƙyar suka faɗi sunaye, mutum bakwai, da Shittu na takwas. Kafin a raba gado na sayar da agogonsa da fitilarsa ta gas, Husainatu ta yarda. Da kaka na ɗauki 'yan ƙodago daga Kagara, suka yi wa kowane ɗaya daga cikin takwas ɗin girbi na wuni guda. Ba wanda ya ce ba a rama masa ba.

Sauran kayan ba su da yawa. Alƙali ya raba abin da ya rabu. Rigunansa na ba ladanin unguwarmu da wani makaho da ke zama a ƙofar masallaci. Littattafan aikin gona na mayar wa malamin da aka turo a madadinsa. Tukwane da tabarmi da akwati suka bi Husainatu da Indo gidan iyayenta bayan takaba.

Wata biyu da rasuwar sai ga masinja daga ofishin da ya shirya kwas. Ya kawo gaisuwar ta'aziyya, ya kuma ce an umurce shi ya karɓo kayan gwamnati da aka ba marigayi a Rabah: gadon zango, butar ƙarfe, da bargo. Na fito masa da gadon da butar. Ya ce saura bargo. Na ce a cikin bargon aka ɗauko shi daga Taloka, jini ya ɓata shi, uwarsa ta haƙa rami a bayan ɗaki ta binne. Masinja ya sunkuyar da kai, ya yi addu'a, sannan ya ce shi dai abu uku aka ce ya kawo, in ya koma da biyu daga albashinsa za a cire.

Na shiga ciki na ɗauko bargona na ba shi. Ya juya shi, ya ce wannan ja ne, nasu toka-toka ne. Na ce ya tafi da shi haka nan.